Darasin Gona: Tsanin Rijiya, Yadda Ake Gane Shi Da Yadda Ake Renonsa



Darasin wannan wata a kan wani ɗan tsiro ne wanda mutum ba ya ci, ba a ba dabba, ba a kuwa kai shi kasuwar hatsi. Wani zai ce, to, me ya kawo shi takardar manoma? Dalili shi ne yana da wata baiwa da ba kasafai ake samunta ba. Yana zuƙe wata irin guba daga cikin ƙasa, ya tara ta a ganyensa. Amma guba ɗaya ce aka san shi da ita, kuma sai an gane shi sosai, an san iyakarsa, kafin ya yi amfani. Wanda ya ɗauke shi a kan abin da ba shi ba, zai cuci kansa da iyalinsa.

Kada mu rena darasin don tsiron ƙarami ne. A cikin 1 Sarakuna sura 4 an nuna cewa hikimar da Allah ya ba Sulemanu ta haɗa da sanin tsire-tsire, tun daga manyan itatuwa har irin wanda yakan fito a jikin bango. A karanta darasin a taron ƙungiya kashi-kashi, a tsaya a tattauna kowane kashi.

1. WANE IRIN TSIRO NE?

Yawancin abin da muke shukawa yana fure, ya yi 'ya'ya, mu ajiye iri. Akwai wani babban dangi na tsire-tsire da ba sa fure ko kaɗan, ba su da ƙwayar iri kuma. Suna yaɗuwa ne ta wani gari mai laushi kamar ƙura, wanda yake fitowa a bayan ganye. Masana sun ƙidaya fiye da iri 10,000 na wannan dangi a duniya. Yawancinsu suna son inuwa da laima, shi ya sa suka fi yawa a kurmi da kan tsaunuka.

Hausawa sun daɗe da sanin wasu daga cikinsu. Likita J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsire-tsire na Hausa aka buga a 1916, ya rubuta agugu, wato saiwar wani daga cikin dangin da ake kawowa daga wajen Adamawa don maganin tsila. Ya kuma rubuta mashin zomo. Saboda haka a darasin nan za mu kira dukan dangin da suna dangin agugu.

Wanda muke magana a kansa, masana suna ce masa Pteris vittata. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus ya raɗa masa sunan a 1753. Ana samunsa a ƙasashe masu zafi na Afirka da Asiya, har Ostareliya da kudancin Turai. Mu za mu kira shi tsanin rijiya, domin ganyensa yana jere kamar matakan tsani, kuma yana son bangon rijiya.

Yana son abu biyu: laima wadda ba ta yankewa, da ƙasa marar tsami, irin wadda take da dutsen da ake yin siminti da shi, kamar na Kalambaina kusa da Sakkwato. Shi ya sa yakan manne wa tsohon ginin siminti. A ƙasarmu ruwan shekara yakan kai wajen inci 40 a gefen Funtuwa, amma rani yana da tsawo. Don haka ba a fili za a neme shi ba. A duba bangon rijiyar siminti marar murfi, ƙarƙashin gada da kwalbati, gindin tankin ruwa mai ɗiga, da bakin magudanar da ba ta bushewa. Wanda bai samu a garinsa ba, ya tambayi 'yan'uwa na Zariya, Kaduna ko Jos, ko masu renon furanni na sayarwa.

Gargaɗi biyu tun da wuri. Kada kowa ya shiga rijiya don tsinko ganye, gama gurɓatacciyar iskar ƙasan rijiya tana kisa. A ɗaura wuƙa a kan doguwar gora a yanko daga sama. Na biyu, kada a aika yara ko samari cikin daji da duwatsu nemansa. Duk mun san halin da ake ciki, ba mu kuwa manta da harin da aka kai 'Yargoje a watan Yuni 2024 ba. Abin da ake bukata ana samunsa cikin gari.

2. ALAMOMI BIYAR

A yanko ganye ɗaya cikakke tun daga gindinsa, a shimfiɗa a kan tabarma, a duba waɗannan:

Ta ɗaya. Sabon ganye yana fitowa a naɗe kamar wutsiyar hawainiya, sa'an nan ya warware a hankali. Wannan ita ce alamar yawancin dangin agugu.

Ta biyu. Ganyen yana da kara ɗaya a tsakiya, da ƙananan ganyaye sirara dogaye a dama da hagu, kamar yatsu. Sau ɗaya tak ya rabu. Yatsun ba su sake rabuwa ba. Babban ganye yakan yi yatsu 20 zuwa 40 a kowane gefe, tsawonsa kuma daga ƙafa 1 zuwa ƙafa 3.

Ta uku. Yatsun ƙasa gajeru ne. Suna ƙara tsawo in an yi sama, mafi tsayi suna wajen tsakiya ko gaba da tsakiya kaɗan. A can ƙarshe akwai yatsa ɗaya dogo shi kaɗai, yana tsaye kamar mashi.

Ta huɗu, ita ce babba. A juya ganyen da ya ƙosa. Za a ga bakin kowane yatsa a kalmashe ta baya, kamar yadda tela yake kalmashe bakin riga, kuma a ƙarƙashin kalmasar akwai layi ruwan ƙasa, dogo, ba yankewa, a gefe biyu. Nan ne garin iri yake. Yatsan da bai yi gari ba, bakinsa yana da ƙananan haƙora kamar na zarto.

Ta biyar. Ganyayen suna fitowa a cunkushe daga gindi ɗaya gajere. Gindin da ƙasan karan suna da ɓawo-ɓawo mai laushi, ruwan ƙasa.

In alamomin nan biyar sun cika, ana kan hanya. In ɗaya ta ɓace, a dakata. A matse ganyen tsakanin takardun jarida, a ɗora abu mai nauyi har ya bushe, a ba malamin gona ya kai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ake da ɗakin ajiyar busassun tsire-tsire don irin wannan aiki.

3. KAMA DA WANE BA WANE BA NE

Akwai 'yan'uwansa huɗu da za su iya ruɗa mutum.

Na farko shi ne wanda ake shukawa a tukwane don ado, wanda kuma yakan fito a jikin itacen kwakwar manja a kudu. Masana suna ce masa Nephrolepis. Shi ma sau ɗaya ya rabu, amma garin irinsa ɗigo-ɗigo ne zagayayyu a jere kusa da bakin yatsa. Ba shi da dogon layi.

Na biyu ɗan ƙarami ne da yakan fito a gefen dutse da damina. Karansa baƙi ne, siriri, yana ƙyalli kamar waya, yatsunsa kuma kamar rabin wata. Sunansa Adiantum.

Na uku yana zama a tsagar dutse, tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba, ganyensa kamar na ƙaramar giginya. Da rani ya ƙanƙance ya yi kamar ya mutu, ruwa na sauka ya buɗe. Sunansa Actiniopteris.

Na huɗu shi ne mai haɗari, Pteridium aquilinum. Yana rufe filaye a tsaunuka masu sanyi kamar Mambila. Garin irinsa shi ma a bakin ganye yake, shi ya sa ake haɗa su. Amma ganyensa babba ne mai kusurwa uku, ya rabu sau biyu ko uku kamar reshe, kuma kowane ganye yana fitowa shi kaɗai daga wata doguwar saiwa da take tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Shanun da suka daɗe suna cinsa sukan yi fitsarin jini, wasu jini ya tsinke musu su mutu. Dawaki kuma su riƙa tangaɗi. Masu dabbobi da suke tafiya kiwo ko fatauci wajen tsaunuka su riƙe wannan.

4. GUBAR DA YAKE ZUƘEWA

Sunan gubar arsenik. Tana cikin wasu duwatsu tun asali, sau da yawa kuma tana tare da dutsen zinariya. Muddin dutsen yana binne, ba ta cika damun kowa ba. In an haƙo shi, an daka, an wanke, sai ta shiga ƙura, da ƙasa, da ruwa. Ana kuma samunta a katakon da aka jiƙa da wani magani mai sa shi ya yi kore-kore don gara, da tokar irin wannan katako. A wasu ƙasashe tana nan har yanzu a wuraren da aka yi amfani da tsofaffin magungunan wankan shanu da na feshin auduga.

In tana cikin ruwa ba ta da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Tafasa ruwan ba ya fitar da ita. Wanda ya yi shekaru yana sha yakan yi ɗigo-ɗigo baƙaƙe a fata, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, daga baya tana iya kawo ciwon daji na fata, ko na mafitsara, ko na huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ta wuce mikrogiram 10 a lita ɗaya ta ruwan sha. Wato a durom mai lita 200, miligiram 2 ke nan, abin da bai kai nauyin ƙwayar gero ɗaya ba. A ƙasar Bangaladash an haƙa rijiyoyin burtsatse masu ɗimbin yawa tun daga shekarun 1970 don a tsere wa cutar gudawa. Sai a 1993 aka tabbatar cewa ruwan da yawansu yana da arsenik, alhali miliyoyin mutane sun daɗe suna sha.

A 2001 wata masaniyar ƙasa mai suna Lena Ma, tare da abokan aikinta na Jami'ar Florida a Amurka, suka ba da labarin abin da suka gano. Sun duba tsire-tsiren da suke fitowa a wani tsohon wurin jiƙa katako da magani, inda ƙasa ta gurɓace. Suka tarar tsanin rijiya yana girma lafiya, kuma ganyensa cike yake da arsenik. Da suka gwada shi a tukwane, gubar ta kai fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyin busasshen ganye. Wajen kashi 9 cikin 10 na abin da ya zuƙa yana ganye ne, kaɗan ne ya tsaya a saiwa.

Ga yadda abin yake. Siffar arsenik a cikin ƙasa ta yi kama da ta fosfet, wato abincin shuka da muke sayen takin Sufa dominsa. Saiwa tana ɗaukar ta ta ƙofar da take ɗaukar fosfet. Sauran shuke-shuke in sun ɗauka da yawa sai su tsumbure ko su mutu. Shi kuwa tsanin rijiya sai ya aika da ita sama, ya kulle ta a wasu ƙananan ma'ajiyai cikin ganye inda ba ta cutarsa. In an yanke ganyen an kawar, an rage gubar ƙasar ke nan. A ƙasar Sin, a lardunan Hunan da Guangxi, an shuka shi a gonakin da dattin ma'adinai ya ɓata, a wasu wurare har ana jera shi tsakanin kunyoyin rake.

Me ya shafe mu? Faskari da Ƙanƙara suna iyaka da Zamfara, Sabuwa tana iyaka da Birnin Gwari, kuma ko'ina cikinsu an san haƙar zinariya. In an kawo dutse gida an daka a tsakar gida ko a bayan gari, abin da yake cikinsa yana nan a wurin ko bayan shekaru. A wannan zamani da gonakin nesa suke da wuyar zuwa, kowane ɗan fili na kusa da gida ya yi daraja, mata suna neman inda za su sa alayyafo da kuɓewa. Ya wajaba mu san abin da yake cikin ƙasar da muke ci daga gare ta.

5. ABIN DA BA YA IYA YI

Wannan kashi a karanta shi sau biyu.

Ba ya kawar da gubar dalma. A 2010 aka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Abin da ya tsai da mutuwar shi ne an kwashe saman ƙasar gidajen an zuba sabuwa, an fitar da niƙan dutse daga cikin gari, kuma likitocin ƙungiyar MSF sun yi wa yaran magani. A Bagega sai 2013 aka yi wannan aikin kwashe ƙasa. Ba tsiron da zai maye gurbin haka. In yaro yana jijjiga, ko yana amai da yawan barci, a gidan da aka taɓa daka dutse, asibiti za a nufa a ranar. Haka kuma kada a dogara gare shi a kan zaibar da ake kama zinariya da ita.

Ganinsa a wuri ba shaida ce ta guba ba. Yana girma sarai a wuri mai tsabta. Kada a ƙaurace wa rijiya don an gan shi a bangonta. Kada kuma a ce ruwanta ya tsarkaka don yana ciki. Gwaji kaɗai yake nuna gaskiya. Ƙungiya ta haɗa kuɗi, ta bi ta hannun malamin gona na KTARDA, a kai samfurin ƙasa da na ruwa ɗakin gwaji, kamar na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ko na wata jami'a, a faɗa musu a fili cewa arsenik da dalma ake so a auna.

Ba ya kai zurfi. Saiwarsa tana aiki ne a saman ƙasa, wajen ƙafa ɗaya.

Ba ya sauri. Aikin na shekaru ne, gwargwadon yawan gubar. Da yake yana bukatar ban-ruwa da rani, a wurinmu ƙaramin fili kusa da ruwa ya dace da shi, kamar inda aka taɓa daka dutse ko aka zubar da tokar katako mai magani.

Ba abinci ba ne, ba magani ba ne. Kada a ce ai ɗan'uwan agugu ne a jiƙa a sha.

6. YADDA YAKE HAIHUWA

Wanda ya fahimci wannan ba zai zubar da tukunyarsa tun kafin lokaci ba. Garin iri in ya faɗi a wuri mai laima, ba ganyen tsani yake fitarwa ba. Yana fitar da wani ɗan koren faifai, siriri, mai siffar zuciya, bai kai farcen ɗan yatsa ba. A ƙarƙashinsa ake da sashen namiji da na mace. Sai an sami ɗan ruwa a kwance kafin ƙwayar namiji ta yi iyo ta isa ta mace. Bayan sun haɗu ne tsiro na sosai yake fitowa daga jikin faifan. Wani Bajamushe mai suna Hofmeister ne ya bayyana wannan haihuwa mai hawa biyu a 1851. Shi ya sa duk dangin agugu suke bin laima.

7. RENO DAGA GARIN IRI

Wannan aiki ya dace da zumuntar mata da matasa, gama cikin gida ake yinsa, ba ya kuma cin kuɗi.

(1) Tara iri. Wajen Satumba da Oktoba a nemi ganyen da layin bayansa ya yi ruwan ƙasa sosai amma bai riga ya farfashe ya zube ba. A sa shi cikin ambulan ko a naɗe da farar takarda, a ajiye a ɗaki marar iska kwana 3 zuwa 5. Za a ga gari mai laushi ya zuba. A cire ganyen, a rubuta rana da wurin da aka samo. A takarda za a ajiye shi, a wuri busasshe mai sanyi. Leda tana sa shi fumfuna.

(2) Haɗa ƙasa. Kashi 2 na ruɓaɓɓen ganye na gindin itace, kashi 1 na yashin rafi, a tankaɗe da rariya. A kowane kwano a ƙara cokali 2 na dakakken ɓawon ƙwai ko garin tsohon siminti. A lura, farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara wani abu ne dabam, ba ta kashe tsamin ƙasa, don haka ba za ta yi wannan aiki ba.

(3) Kashe ƙwayoyin ciyawa da fumfuna. A cika ƙaramin kasko ko roba mai huji a ƙasa, a bar inci 1 a sama. A shimfiɗa tsumma mai tsabta, a kwarara tafasasshen ruwa har ya fita ta ƙasa. A rufe, a bar shi ya huce sarai.

(4) Shuka. A ɗebi garin a bakin wuƙa, ɗan kaɗan, a barbaɗa shi sama-sama. Kada a rufe da ƙasa, gama yana bukatar haske kafin ya tsiro. Yawan gari yana sa su cunkushe su kasa haihuwa.

(5) Rufi. A ɗaure bakin kaskon da farar leda mai nuna ciki, ko a ɗora gilashi. A ajiye inda haske yake amma rana ba ta bugu, kamar gefen taga ko ƙarƙashin rumfa. A zaunar da kaskon cikin faranti mai ɗan ruwan da aka tafasa ya huce, ya riƙa sha ta ƙasa.

(6) Jira. Cikin mako 2 zuwa 4 saman ƙasar zai yi kore kamar gansakuka. Kada a kankare, shi ne. Bayan wata 1 zuwa 2 faifan za su bayyana. A lokacin a riƙa yayyafa musu ruwa mai tsabta sau biyu a mako don su haihu. Ƙananan ganyaye na fari sukan fito cikin wata 2 zuwa 4. Sanyin hunturu yana jinkirta su, don haka a shigar da su ɗaki da dare. Da bazara a matsar da su kusa da randa inda ya fi sanyi.

(7) Rarrabawa. In sun yi ganye 2 ko 3, a ɗebo su da bakin cokali tare da ƙasarsu, a sa a ledar fiyawata da aka huda, cikin irin ƙasar farko. A ci gaba da rufe su mako 2, sa'an nan a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan har su saba da iska.

Wanda ya shuka a Nuwamba ko Disamba zai sami dashe a Yuni ko Yuli. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda kuma yake da babban gindi a tukunya yana iya raba shi da wuƙa gida 2 ko 3, kowanne da saiwa da sabon toho. Wannan ta fi sauri, amma ba ta ba da yawa.

8. DASHE DA KULAWA

A jira damina ta zauna. A yi dashe da yamma ko ranar da ake lumshi, a bar ƙafa 1 zuwa ƙafa 1 da rabi tsakanin gindi da gindi. Kada a binne kan gindin inda toho yake fitowa. A zuba ruɓaɓɓen taki, a rufe ƙasa da ciyawa. Ya fi 'yan'uwansa jure rana, duk da haka a yi masa rumfar kara a watannin farko, da kuma daga Maris zuwa Mayu. Da rani kada ƙasar ta bushe, kada kuma ruwa ya kwanta.

In filin gurɓatacce ne, a kewaye shi da shinge mai ƙarfi don awaki, kaji da yara. A jiƙa ƙasa kafin a taɓa ta don kada ƙura ta tashi. A sa takalmi, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, kada kuma a shiga ɗaki da kayan aikin. Mata masu ciki da yara kada su yi aikin wannan fili. Ba za a shuka abin ci a wurin ba sai gwaji ya nuna ya halatta.

9. YANKA DA KAWAR DA GANYE

Nan ne aikin yake ƙarewa lafiya ko ya ɓaci. Ganyen da ya girma a gurɓatacciyar ƙasa guba ne. In an bar shi ya bushe ya faɗi, ruwa zai wanke gubar ta koma inda ta fito.

A yanka manyan ganyaye sau 1 ko 2 a shekara tun suna kore, a bar wajen taƙi ɗaya sama da ƙasa, a bar sababbin toho. Kada a ba dabba. Kada a zuba a ramin taki. Kada a ƙone, gama gubar tana bin hayaƙi, sauran kuma ta zauna a toka. A shanya a kan leda cikin shingen, a ɗura a buhu mai leda a ciki, a ɗaure, a rubuta GUBA a jiki, a ajiye inda ruwa da yara ba sa kaiwa. Tun kafin a fara shuka, ƙungiya ta zauna da ma'aikatan duba-gari na ƙaramar hukuma a yanke inda za a kai buhunan. In ba a sami amsa ba, a tsaya a kan shinge, a bar ciyawa ta rufe wurin don ƙura, a ɗaga shukar tukuna.

A sake gwada ƙasar kowace shekara 2, a rubuta sakamakon a littafin ƙungiya.

Magana ɗaya game da rijiya. Tsanin rijiya ba ya rayuwa cikin duhu. In yana bangon rijiyarku, ashe ba ta da murfi, kuma abin da iska ta kwaso yana faɗawa ciki. A ɗebi irinsa, a cire shi, a yi wa rijiyar murfi.

TAMBAYOYI DON TARO

1. Faɗi alamomi biyar na tsanin rijiya. Wacce ce ta raba shi da wanda ake shukawa don ado?
2. Ta yaya za a gane ɗan'uwansa mai kashe shanu?
3. Wace guba yake zuƙewa, wacce ce kuma ba ya kawarwa?
4. Akwai gida ko fili a garinmu da aka taɓa daka dutsen zinariya? Yara suna wasa a wurin?
5. Don me ba a ƙone ganyen da aka yanka?

AIKIN WATA

Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum 2 su zaga rijiyoyi da kwalbatocin cikin gari, su kawo busasshen ganye ɗaya taro na gaba. Sakatare ya rubuta wuraren da ake zargin sun gurɓace, ma'aji kuma ya binciko kuɗin gwaji. A yi magana da masu gidajen cikin ladabi, ba tare da kunyata kowa ba. A gayyaci mai unguwa da maƙwabtanmu Musulmi su ji darasin, gama rijiya ɗaya muke sha, yaranmu kuma ƙasa ɗaya suke wasa a kai.

A rufe taro da addu'a domin iyalan da suka yi rashi a 'Yargoje da kewaye, domin samarinmu da suke ramukan zinariya, da kuma zaman lafiya da zai bar kowa ya koma gonarsa. Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.